Guzurin Yini Ɗaya a Bayan Ganuwar Zazzau

Duk wanda ya hau abin da ya saura na ganuwar birnin Zariya ya fuskanci yamma, Dutsen Kufena ne zai fara tare masa ido. Yana tsaye bayan Wusasa, baƙi ƙirin da damina, toka-toka da hunturu, kusa ƙwarai har mutum ya ɗauka zai je ya dawo kafin a kira azahar. Wannan kusancin ne yake yaudarar masu zuwa. Ɗalibai daga Samaru da Kongo, 'yan makarantar sakandare da malamansu, samari masu yawon sallah, baƙin da suka ji labarin Sarauniya Amina suna son ganin kufan tsohon gari da guntayen ganuwar da ke gindin dutsen, yawancinsu sukan fita da waya a aljihu, silifas a ƙafa, sai ledar fiya wata ɗaya a hannu. Mai tafiyar mako guda ba ya haka, don nisa yana ba shi tsoro, tsoron kuma yana sa shi shiri. Mai tafiyar yini shi ne ke raina hanya. Ra'ayina shi ne, guzurin irin wannan fita ba na yinin da aka yi niyya ba ne, na daren da ba a yi niyya ba ne, kuma abin da zai shiga jaka a zaɓe shi bisa abin da ke kayar da mutane a ƙasar Zazzau da gaske, wato ƙishirwa da ciwon ƙafa da duhu, ba bisa abin da ke ba su tsoro a hira ba.

Birnin da kansa yana koyar da wannan darasi ga mai tafiya a hankali. In ka tashi daga ƙofar fada, ka bar Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ka ratsa Babban Dodo da lungunan kasuwa, ka nufi Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Kibo ko Ƙofar Doka, za ka lura da yadda ganuwar ta yi wa gidajen da can yawa. Kewayenta ya kai kilomita 14 zuwa 16, kuma magabata ba don gidaje kaɗai suka zagaye wannan fili ba. Sun haɗa da gonaki da kududdufai da fadamu, domin in an rufe ƙofofi ranar yaƙi a sami abin ci da abin sha a ciki. Baturen nan Kilafaton da ya ratsa Zariya a 1826 ya tarar da filaye da gonaki a cikin ganuwa. Su ma fataken da ke fita ta waɗannan ƙofofi zuwa Nufe da Gwanja ba su san fita hannu rabbana ba. Akwai salka ko gora ta ruwa, akwai ƙyastu na kunna wuta, malafa, sanda, wuƙa, matsefata ta cire ƙaya, da guzurin da ba ya lalacewa. A gaban ayari akwai jagaba wanda ya san hanya, sama da kowa kuma akwai madugu wanda ya san inda za a yi zango. Saboda haka mai cewa iyaye da kakanni ba su ɗauki komai ba sun kuwa shiga daji sun fito, bai duba kafaɗar kakan nasa da kyau ba.

A wannan zamani jerin kayan shiga daji ya cika intanet, akasarinsa kuwa daga ƙasashen sanyi ya fito. Mafi shahara shi ne na abubuwa goma da wata ƙungiyar masu hawan duwatsu ta birnin Siyatil a Amurka ta fara koyarwa tun shekarun 1930, aka buga shi a littafinsu a 1974. Tunanin da ke ƙarƙashinsa mai kyau ne, tambayoyi biyu ne kacal: in wani abu ya faru za ka iya taimakon kanka, kuma in dare ya kama ka za ka kai safe? Tambayoyin sun dace da mu, amsoshin ne ba lallai su dace ba. Can abin gudu shi ne ƙanƙara da sanyin da ke daskarar da jini. Nan Zariya ruwan shekara kimanin milimita 1,000 ne, kusan dukansa yana sauka tsakanin Mayu da farkon Oktoba, sauran watanni kuwa ƙasa a bushe take. A Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35, wani lokaci ya doshi 40, dutse kuma yana shan zafin ya mayar wa mai hawa ta tafin ƙafa. Da hunturu dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, iska ta bushe har leɓe ya tsage. Wanda ya kwafo jerin Siyatil ɗungurungum zai ɗauko nauyin da bai buƙata, ya bar wanda zai cece shi.

Ruwa ne na farko, kuma a kansa aka fi yin rowa, don shi ya fi komai nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba yadda za a yi da ita. Mai hawan dutse da rana tsaka a bazara yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin awa ɗaya, ledar fiya wata kuwa rabin lita ce. Lissafin ba wuya: wanda zai yi yini a waje lita uku ce mafi ƙarancin abin da zai ɗauka, wato leda shida, in bazara ce ya ƙara. Hunturu ya fi yaudara, domin gumin yana bushewa kafin a gan shi, mutum bai jin ya jiƙe balle ya tuna da sha, sai dai ya ji kansa yana sarawa, ƙafa ta yi nauyi, fitsari ya koma ja ya ragu. A nan hankali ke fara gushewa kaɗan-kaɗan, daga nan ake saka ƙafa inda bai kamata ba, ko a bi hanyar da ba ita ba. Yawancin abin da ake kira tsautsayi a kan dutse ƙishirwa ce ta share masa fage. Gorar roba mai murfi ta fi leda, don leda tana fashewa a jaka, in an huda ta kuma sai a shanye ko a zubar, sannan ledojin da ake yarwa sun riga sun ɓata gindin duwatsunmu. Kuma a raba ruwan gida biyu, in rabi ya ƙare a juya, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. Wannan ƙa'ida ta fi kowane irin kayan zamani amfani, ba a kuma sayen ta.

Wani zai ce ai ƙasar Zazzau ba hamada ba ce, ga Kubanni, ga Galma, ga Saye, ga ruwan da ke taruwa a kwarmin dutse. Gaskiya ne, amma da rani ƙananan rafuka sukan koma yashi da 'yan tafkuna masu kore, ruwan da ya ratso gari kuma ya kwaso dattin gari. An gode Allah kurkunu ya kau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Nijeriya da haka a 2013, amma tsargiya tana nan a ruwan kwance, ba ma sai an sha ba, shiga ciki kaɗai ya isa. Gudawa da taifot da kwalara kuwa ba sai an faɗa ba. In larura ta tilasta, a tace da ƙyalle mai tsabta a tafasa, ko a sa maganin tsarkake ruwa da ake samu a kemis, a jira rabin awa. Tare da ruwan a ɗauki ƙullin gishiri da sukari ko fakitin da aka haɗa: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Maganar abinci kuwa gajeriya ce. Ba wanda yunwar yini ɗaya ta taɓa kashewa. Dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, aya, ɗan kilishi, duk suna nan a kasuwar birni, ba sa tsami ba sa nauyi. Kilishi da ƙuli dai suna jawo ƙishi, a ci da lissafi.

Na biyu ƙafa. Ita ce motar da za ta dawo da kai, in ta lalace komai ya tsaya. Tsidau da ƙarangiya da ƙayar sarƙaƙiya ba sa jin kunyar silifas, dutsen Kufena kuma irin mai santsin nan ne da zarar ya sha ruwa. Takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa, safa, da dogon wando, su ne rigakafin rabin wahalar daji, har da maciji. Akasarin saran maciji a ƙafa yake sauka, daga idon sawu zuwa ƙasa, domin maciji ba farautar mutum yake ba, taka shi ake yi. Kasa takan kwanta cikin busasshen ganye ba ta motsi, launinta ya saje da ƙasa, ba ta gudu kamar sauran. Kububuwa ƙarama ce amma dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya ga kamar ya tsira, bayan awanni jini ya fara fitowa ta dasashi da tsohon rauni. Akwai kuma dangin gamsheƙa mai tofa dafi a ido daga nesa, maganin farko kuwa shi ne a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, ka ga an sake komowa kan gorar nan. Zariya tana da tarihi a wannan fanni da ba kowa ya sani ba. A shekarun 1970 likita David Warrell yana aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa suka yi binciken saran kububuwa wanda ya fito da gwajin nan mai sauƙi: a zuba ɗan jinin wanda aka sara a kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga jini, sai a ba da allurar kashe dafi. Har yau da shi ake aiki a asibitocin karkara na Afirka da Asiya.

Shi ya sa abin da ba za a ɗauka ba ma yana da muhimmanci. Reza ta tsaga wurin sara, igiyar ɗaure ƙafa tamau, baƙin dutsen da ake cewa yana zuƙe dafi, duk likitoci sun yi ittifaƙi ba sa fitar da dafi, tsagawar tana ƙara zubar jini ga wanda jininsa ya riga ya daina daskarewa, ɗaurin kuma yana iya jawo a yanke ƙafar da da ta warke. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara a duniya, kuma abin da take cewa a yi kaɗan ne: a nisanta daga macijin, a kwantar da hankalin mutum, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗora gaɓar a kan sanda a naɗe ta yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibiti. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba, don kowace unguwa tana da mai maganin maciji da ake yabo, kuma mutane sun ga waɗanda suka warke a hannunsa. Sun gani ɗin, amma sara da yawa maciji bai zuba dafi ba ko ya zuba kaɗan, irin waɗannan za su warke ko an yi magani ko ba a yi ba. Wanda dafi ya shige shi sosai, awannin da aka ɓata a zaure su ne na zuwa asibitin koyarwa da ke Shika. To kayan maciji na gaskiya su ne bandeji mai faɗi, sandar da ke hannunka, kuɗin mota a aljihu daban, da abokan tafiya da za su iya ɗaukar mutum. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar kansa, biyu ma da ƙyar, uku ne farkon lissafi.

Na uku duhu. A Zariya rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara, kuma tsakanin faɗuwarta da rufewar ido bai fi rabin awa ba. Wanda ya hau da la'asar yana ɗaukar hoto, yana iya jin kiran magariba na tasowa daga birni alhali bai fara sauka ba, ga fitilun Wusasa yana gani, ga hanyar ƙafarsa ba ya gani. Saukowa ta fi hawa haɗari ko da rana. Ƙaramar tocila mai sabon batir, wadda ba ta waya ba, ita ce abin da zan sa a jaka bayan ruwa da takalmi. Sai usur, irin na alƙalin ƙwallo, don murya tana dushewa cikin ƙanƙanin lokaci, usur kuwa yaro ma zai yi ta busawa, busa uku a jere alama ce ta neman agaji da aka sani a ƙasashe da yawa. Sai babbar leda mai kauri ko mayafi, wadda za ta zama inuwa da rana, rigar ruwa da damina, shimfiɗa ko bargo da dare. In hadari ya haɗo daga gabas, kamar yadda ya saba, ba a jira a ga gudun ruwansa a kan dutse, ba a kuma fakewa gindin bishiya tilo a fili, sauka ake yi tun iska ba ta taso ba. Ashana ko laita a cikin leda tana da wuri, da sharaɗi guda: daga Nuwamba zuwa Maris ciyawa jira kawai take, wutar da aka kunna don jin ɗumi tana iya cinye amfanin da wani bai kwashe ba. A share ƙasa, a kewaye da duwatsu, a kashe da ƙasa kafin a tashi.

Babbar hujjar samari ita ce waya. A cikinta akwai tocila, akwai taswira, akwai lambar gida, akwai 112 ta gaggawa, me ya rage? Abin da ya rage shi ne duk waɗannan suna rataye da batir ɗaya, batirin da aka yini ana ƙonawa da hoto da bidiyo da kiɗa, wanda zafin rana ke ƙara zuƙewa. Faɗuwa ɗaya a kan dutse ta raba ka da su gaba ɗaya. Sabis ma ba alkawari ya yi wa kowa ba, a bayan dutse ko cikin kwari yakan ɗauke, kuma mutanen Jihar Kaduna ba su manta da ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro. A ɗauki waya, a cika ta, a bar ta a aljihu, a rubuta lambobi biyu ko uku a takarda. Amma saƙon da ya fi kowane kira amfani shi ne wanda aka bari a gida tun kafin a fita: ga inda za mu, ga ƙofar da za mu bi, ga waɗanda muke tare, in an yi sallar isha ba ku gan mu ba ku nemo mu. Wanda ya fita a ɓoye don kada Baba ya hana, ya yar da mafi girman kayan tsirarsa tun a soro.

Akwai kuma maganar da ba a iya tsallakewa. Dajin yanzu ba na da ba ne. A Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da ke kan hanyar Kaduna, a Yuli suka shiga cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, duk a bakin Zariya, yankunan Giwa da Birnin Gwari kuwa labarinsu sananne ne. Daga nan wasu ke cewa duk wannan lissafi na ruwa da tocila wasa ne, makami ne guzuri. Ban yarda ba. Adda ko wuƙa a hannun ɗalibi ba ta tare mai bindiga, abin da take yi shi ne ta sa 'yan sintiri ko jami'an tsaro su yi masa kallon da ba nasa ba, ta kuma ba shi ƙarfin halin shiga inda da ba zai shiga ba. Ƙaramar wuƙa ta yanka igiya da bandeji ta isa. Maganin wannan haɗari ba ya shiga jaka, tambaya ce. Da ɗan gari akan ci gari. A je wurin mai unguwa ko dagaci a yi gaisuwa, a ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu, a nemi wanda zai yi rakiya. Manomin da ke gindin dutse, mai itace, maharbi, Bafulatanin da ke kiwo a wurin, sun san abin da ya kwana a dajin jiya, sun san kogon da zuma ta yi gida. In sun ce yau ba a shiga, an gama magana. Tafiya mai nisa irin ta kufan Turunku a kudu, inda ake danganta asalin sarautar Bakwa, ɗaya daga cikin masu mulkin Zazzau na da, ba a ma fara ta sai da sabon labarin hanya na ranar.

Saura masu cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa, yawan shiri raunin tawakkali ne. Malaman Zazzau, daga unguwar Kona har ta Juma, sun fi ni sanin amsar wannan. Buhari ya ruwaito cewa wasu mutanen Yaman sukan taho aikin hajji ba guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su koma roƙon mutane, aka saukar da umarnin yin guzuri a Suratul Baƙara. Labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah kuwa yara ma sun san shi. Mai fita ba ruwa ba tocila bai dogara ga Allah fiye da kowa ba, ya dai dogara ga gorar abokinsa ne, da mutanen ƙauyen da za su bar barcinsu su fita nemansa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tsada ma ba uzuri ba ce. In ka cire takalmi, duk abin da aka lissafa bai wuce abin da za a haɗa a zagaye ɗaya na kasuwar birni ko ta Tudun Wada ba, rabinsa ma yana gida: gora, gishiri da sukari, dabino, hula ko malafa, tocila, usur, leda, ashana, bandeji, ƙaramar wuƙa, takarda mai lambobi. Nauyin duka, in an cire ruwa, da wuya ya kai kilo biyu, jakar makaranta ta ɗauke shi. Mai asma ko ciwon sukari ko sikila ya sa maganinsa a sama, ya kuma gaya wa abokan tafiya tun a hanya. Kira na musamman ga malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai masu kwasar yara zuwa Kufena: kafin mota ta tashi a buɗe jakar kowa a gani, a ƙirga kawuna a rubuta, a sa lokacin juyowa tun la'asar sakaliya. Yaron da ya zo da silifas da ledar ruwa ɗaya, a mayar da shi gida ya sake shiri, ko da zai yi kuka.